Ranar da aka ce "an taɓa Annabi" a makarantarku, me ya faru a sa'ar farko?

Malama ta Mabera

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo ta gwamnati a cikin garin Sakkwato, amma abin da ya same mu ranar Talatar makon jiya ban taɓa ganin irinsa da idona ba. Har yanzu in na tuna sai gwiwata ta yi sanyi.

An turo mana wani ɗan bautar ƙasa daga kudu, yaro mai ladabi, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "na gode". Aka ba shi darasin tarihi. Yana bayanin yadda Musulunci ya iso ƙasar Hausa, sai ya koma baya ya taɓo Hijira. Ya rubuta sunan Manzon Allah SAW a allo haka nan ba salati, sannan ya karanto daga littafin hannunsa, inda aka yi amfani da kalmar "fled" daga Makka zuwa Madina. Wani yaro a bencin baya ya fassara wa na kusa da shi: wai malam ya ce Annabi ya gudu. Kafin a fita tara, magana ta koma wai ya ce Annabi matsoraci ne. Kafin a dawo tara, ta zama zagi kai tsaye, har da kalmomin da aka ce ya faɗa, waɗanda bakina ba zai iya maimaitawa ba.

Ina ofishin malamai ina duba takardu sai na hango yara sun taru gindin dogon yaro, wasu na duƙawa suna tsintar duwatsu a gefen katanga. Shugaban makaranta ya tafi ma'aikatar ilimi, wayarsa a kashe. Ban san lokacin da na janyo hannun ɗan bautar ƙasan nan na tura shi sito inda muke ajiye takardun jarrabawa ba, na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanena. Na aiki wata ɗaliba da gudu ta kira malamin addini.

Allah Ya saka wa dattijon nan. Bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da su a ƙasa, ya sa aka yi salati sau uku, sannan ya ce duk wanda ya ji da kunnensa ya ɗaga hannu. Yara sun fi ɗari a wurin, hannu shida ya tashi. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo littafin, aka buɗe shafin a gabansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne monitan ajin, mahaddacin Alƙur'ani, yaron da ban taɓa ganin ya yi faɗa da kowa ba. Jikinsa na rawa, hawaye na zuba, yana cewa "Malama, Annabi fa, Annabi fa." Wannan zafin ba na ƙarya ba ne, kuma ba zan yarda a kira yaran nan jahilai kawai a wuce ba. Amma da na makara da minti biyar fa?

Malamai, iyaye, tsofaffin ɗalibai, wanda duk ya taɓa tsayawa a irin wurin da na tsaya, ya faɗa mana abin da ya gani.

Tsohon mai sa ido a jarrabawa, Bodinga

Wa alaikumus salam Malama. Allah shi yi miki albarka, ke da dattijon. Ni na yi ritaya, amma tun 2007 da anka kashe wata malama Kirista a wata sakandare a Gombe, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani lokacin da take karɓe jakunkunan ɗalibai a ɗakin jarrabawa, na ɗaukar wa kaina ƙa'ida guda. Duk ɗakin da anka haɗa ni da abokin aiki wanda ba Musulmi ba, ba shi taɓa jakar kowa. Yara su kai jakunkunansu da kansu, su aza bisa tebur, ba ƙasa ba. In akwai mai izu ko Ƙawa'idi a jaka, shi faɗa tun daga ƙofa. Wani abokin aikina ya taɓa jin haushi, ya ce na raina shi. Na ja shi gefe na yi mishi bayani, daga baya shi da kanshi yake tuna mini in na manta.

Nas, haifaffiyar Sakkwato

Malama sannu da ƙoƙari. Ni Kirista ce, iyayena daga ƙasar Zuru suka zo, amma nan aka haife ni, nan na yi firamare da sakandare, Hausa ce yaren da nake mafarki da shi. Na daɗe ina shakkar in yi magana ko in yi shiru.

Ranar Alhamis 12 ga Mayu 2022 ina bakin aiki aka fara turo bidiyon abin da ya faru da Deborah, ɗaliba Kirista da aka kashe bisa zargin ɓatanci, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Ranar Asabar Gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita. Kwana uku ni da 'ya'yana muka yi a ɗakin wata Hajiya maƙwabciyarmu, ita ta zo da kanta ta kwashe mu, ta ce wa mijinta duk wanda ya tambaya a ce baƙinta ne. Ba zan manta mata ba har in mutu. Na kuma ji sanarwar fadar Sarkin Musulmi ta yin Allah wadai da kisan, ta ɗan sanyaya mini zuciya.

Tun daga lokacin na cire yarana daga kowane zauren WhatsApp na aji, tunda daga saƙon murya a irin wannan zauren abin ya taso. Na koya musu kada su ambaci Annabi Muhammadu sai da girmamawa, kuma in an ɗauko zancen addini su ce ba su sani ba, su tashi. Wannan ban yi nadamarsa ba, don ni ma ba na son a taɓa Yesu.

Amma ga abin da ke damuna. Ɗana na aji biyu ya dawo wata rana bai ci abinci ba. Da na matsa, ya ce wasu a ajinsu kullum "arne" suke kiransa, ranar kuma sun ce littafinmu na bogi ne, dukkanmu 'yan wuta ne. Ya ce, "Mama, su sun faɗa, ni kin ce kada in amsa. To ni nawa addinin ba ya jin ciwo?" Wallahi ban sami abin ce masa ba. Makarantarsu ba malamin addinin Kirista, in an shiga darasin addinin Musulunci sai su huɗu su fita su zauna a baranda. Wannan bai dame ni ba. Abin da nake roƙo, yadda muke ja wa namu kunne, ku ma ku ja wa naku. Yaron da aka tsokana kullum, wata rana bakinsa zai kuɓuce, kuma ni na san abin da zai biyo baya.

Ɗan Kanwuri

Anti nas, maganarki ta shige ni, kuma wanda duk ya kira ɗanki arne bai kyauta ba. Amma ku bari in faɗi nawa, don kullum mu anka mayar masu laifi.

Lokacin da nike karatun difloma akwai wani malami, kuma sunan Musulmi gare shi, da ya mayar da addini abin ba'a cikin aji. In munka nemi izinin fita sallar La'asar sai shi ce sallar nan ita ta hana Arewa ci gaba. Ran nan ya kawo zancen auren Nana A'isha shina murmushi, shina jan magana ta hanyar da kowa ya gane inda ya dosa. Ba mu ɗauki dutse ba. Mun zauna munka rubuta takardar koke da sa hannun mutum talatin da ɗaya, munka kai ofishin kula da ɗalibai. Shiru. Munka sake kaiwa. Karo na uku wani jami'i ya ce muna, nan makarantar boko ce ba masallaci ba, malami yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinshi. Biyu daga cikin waɗanda sunka sa hannu sun faɗi darasin nan, Allah kaɗai Ya san dalili.

Ni ban goyi bayan kisa ba, ban kuma taɓa goya ba. Amma ranar da anka kore mu daga ofishin nan na ga idanun abokaina. Wani ya ce, "Kun gani? Takarda ba ta aiki." In an toshe ƙofa, kada a yi mamaki in mutane sun haura katanga. Wane irin 'yanci ne wanga da mai maki a hannu zai tsaya gaban yara shi taka abin da sunka fi so fiye da iyayensu, su kuma ba su da bakin amsawa?

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo

Ɗana na Kanwuri, an zalunce ku, kuma kun yi abin da ya dace. Jami'in da ya kore ku ya yi ganganci da rayukan mutane. Sai dai kalmar haura katanga ka janye ta, don wani yaro zai karanta ya ɗauka izini ne.

A garin nan ba a koya wa kowa son Annabi SAW, da shi aka yaye mu. Muna zaman karatun Ashafa duk azumi, mun san babin da ya yi magana a kan wanda ya taɓa janibin Manzo. Amma malaman da suka karantar da mu ba su taɓa cewa taron jama'a ne alƙali ba. Akwai shaidu, akwai tantance lafazi, akwai tambayar mai maganar abin da yake nufi, akwai hukuma. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ku duba abin Malama: mutum ɗari a fusace, shida kaɗai suka ji. Kuma kada wani ya zaci wutar nan Kirista kaɗai take ci. Mahaucin da aka kashe a mayankar Sakkwato a watan Yunin 2023 Musulmi ne.

Ga abin da ya faru a hannuna. Wani almajirina ɗan shekara goma sha uku ya zo mini da yamma yana huci, wai wani Kirista a makarantar bokonsu ya yi ɓatanci, suna shirin tare shi gobe a hanya. Na ce zauna, ba ni labari daga farko, kai me ka ce kafin ya ce? Ya sunkuyar da kai. Ashe shi ya fara, ya yi wa yaron ba'a da gicciyen da ke wuyansa, ya faɗi magana mara daɗi a kan ibadarsu. Na buɗe masa aya ta 108 a Suratul An'am, inda aka hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Na ce kai ka jawo, kai za ka fara ba da haƙuri. Washegari na raka shi da kaina har wurin shugabar makarantar, aka kira iyayen ɗayan yaron, shi ma ubansa ya yi masa faɗa a gabanmu sosai. Ƴar'uwa nas, ki gaya wa ɗanki akwai malamin da ya ce nasa ma yana jin ciwo.

Ɗan Illela a Faransa

Shekarata goma sha ɗaya a wajen birnin Paris, yarana uku duk makarantar gwamnati suke. In ana maganar makarantar da ba ruwanta da addini, a nan ne na ga ainihinta. Tun 2004 doka ta hana ɗalibai sa alamar addini mai bayyana, ko hijabi ko babban gicciye ko hular Yahudawa. A 2023 aka ƙara da abaya. Kullum da safe babbar 'yata takan tsaya a bakin ƙofa ta zare hijabinta, ta ninke shi huɗu, ta sa a aljihun jaka. Ranar farko da na raka ta na ga haka, juya baya na yi don kada ta ga fuskata.

A watan Oktoban 2020 aka kashe malamin tarihi Samuel Paty bayan ya nuna zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo a darasin 'yancin faɗin ra'ayi. Ni har gobe ina ganin bai kamata a nuna wa yara 'yan shekara goma sha uku wannan zanen ba. Ana iya koyar da darasin ba tare da an sa yaro Musulmi ya zaɓi tsakanin ya kalli abin da ke ƙona masa rai ko ya kau da kai a gaban 'yan ajinsu ba. Amma ku ji yadda abin ya kai ga jini. Yarinyar da ta kai ƙara wurin ubanta ba ta ma cikin ajin a ranar, daga baya ta amsa cewa ƙarya ta yi. Uban ya ɗora bidiyo a intanet, magana ta yaɗu, wani saurayi ɗan shekara 18 da ba ɗalibin makarantar ba ne ya zo daga wani gari ya aikata kisan. Da na karanta labarin Malama sai na ga hanya ɗaya ce: wanda bai ji ba shi ya fi kowa ɗaukar zafi.

Mu muka sha kuɗar abin. Da aka koma makaranta aka yi shirun minti ɗaya don tunawa da shi, ɗana ya ce duk ajin shi suke satar kallo. Watanni ya yi ba ya ɗaga hannu a darasin tarihi.

Maman 'yan biyu, Arkilla

Nawa ƙarami ne a kan naku. Na sa 'yan biyuna a wata makarantar kuɗi saboda suna koyar da Turanci da kyau. Wata rana ina yi musu wanka na ji suna rera waƙar coci, har da rufe addu'a da sunan Yesu. Raina ya ɓaci, na ɗauki waya zan rubuta a Facebook da sunan makarantar. Maigidana ya karɓe wayar, ya ce ki je ki same su tukuna. Na je. Mai makarantar ta ce wallahi sabuwar malamar nazare ce, abin da ta saba da shi a garinsu ke nan, ba wanda ya gaya mata. A gabana ta kira ta. Yanzu a asambili taken ƙasa ake yi da alƙawari, addu'a kowa ya yi tasa a zuci. Da na saki rubutun nan a daren, ban san inda zai tsaya ba.

Lauya, Gawon Nama

Hajiya, abin da kika nema haƙƙinki ne a doka. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin wani addini ko shiga ibadarsa ba in ba nasa ba ne, ko iyayensa ba su amince ba. Wannan sashen shi ke kare 'yan biyunki, shi ke kare ɗan nas. Da shi ne kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas a watan Yunin 2022, bayan shekaru ana shari'a.

Ƙanena na Kanwuri, jami'in nan rabin doka ya karanta maka. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗin ra'ayi, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don zaman lafiya da kare haƙƙin wasu, kuma kundin laifuffuka na Arewa ya daɗe da haramta cin mutuncin addini, kowane addini. Sashe na 10 cewa ya yi gwamnati ba za ta ɗauki wani addini a matsayin na ƙasa ba, bai ce makaranta ta zama filin ba'a ba. Mu ba Faransa ba ne. Na taɓa raka wasu ɗalibai da irin kokenku, abin da ya sa aka saurare mu shi ne mun sa an buga mana hatimin karɓa a kwafinmu, muka kuma aika kwafi ga hukumar gudanarwar makarantar.

Malamin bayoloji, Wamakko

Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba. Ni Musulmi ne, ina limanci a unguwarmu wani lokaci, amma duk shekara in na iso babin juyin halittu gabana faɗuwa yake. Yana cikin manhaja, yana fitowa a WAEC da NECO, dole in koyar. Nakan fara da cewa wannan bayanin masana kimiyya ne da hujjojinsu, ku fahimce shi yadda yake, tambayar aƙida kuma mu kai wa malamin addini tare. Duk da haka an taɓa kai ƙarata wurin wani uba wai na ce kakanmu biri ne, abin da ban faɗa ba, littafin ma bai faɗa haka ba. Na san abokan aiki da ke tsallake babin gaba ɗaya, yara su shiga jarrabawa ba su taɓa jin sunan Darwin ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi wata ɗaliba ce mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ta ɗaga hannu ta tambaya, da zuciya ɗaya, yadda za a haɗa shekarun ƙasusuwan da ake tonowa da ƙissar Annabi Adamu. Kafin in buɗe baki wasu suka fara "A'uzu billahi, ta yi ridda." Yarinyar nan ba ta sake tambaya a ajina ba har ta gama. A garin Nana Asma'u, wadda ta tara mata tana karantar da su! Tambaya daban, kuskuren harshe daban, izgili da gangan daban, amma yaranmu duk suna ɗaya suke ba su, don ba mu zauna mun rarrabe musu ba.

Malama ta Mabera

Na gode ƙwarai, na karanta duka, wasu har sau biyu. Yau takardar sauya wa ɗan bautar ƙasan nan jiha ta fito. Kafin ya tafi ya roƙi a bar shi ya shiga ajin, malamin addini na tsaye kusa da shi yana fassara. Ya ce bai san kalmar za ta yi zafi haka ba, a sansanin horo ba wanda ya gaya musu komai a kan wannan. Yawancin yaran sun ce sun yafe. Monita bai ce komai ba, kuma tun ranar da na kulle siton bai sake haɗa ido da ni ba. Ina jin yana ganin na tsaya wa wanda ya taɓa Annabi ne. Malam na Runjin Sambo, in da hali ina so in turo maka shi da mahaifinsa.

Shugaban makaranta ya amince a kira taron iyaye da malamai ranar Asabar mai zuwa. Abin da zan nema a rubuta a manna a kowane aji: sunan malamai biyu, Musulmi da Kirista, waɗanda yaro zai je wurinsu kai tsaye in ya ji abin da ya taɓa addininsa, da alƙawarin za a zauna a kan maganar a ranar, ba gobe ba. Zan kuma nemi duk baƙon malami a zaunar da shi kafin a ba shi alli. Barista, ka taimaka mini da yadda zan tsara takardar kafin Juma'a. Ajin kuma yanzu ba su da malamin tarihi, ni aka ce in riƙe, kuma ranar Litinin daga Hijira zan ci gaba.